Zomayena sun haɗu bisa kuskure: ciki ne, ko da gaske an fiɗiye su?

Assalamu alaikum Anti. Maƙwabciyata ce za ta koma Abuja, ta bar wa yarana zomaye biyu, farin namiji da jar mace, yau wata uku ke nan. Da za ta tafi ta ce kada in damu, an yi musu aiki, ba sa haihuwa. A keji biyu ta kawo su, haka na ci gaba da ajiye su. Ranar Asabar ta makon jiya ɗana ya buɗe su duka ya tafi ƙwallo. Ina fitowa na tarar farin ya hau jar, kafin in ƙarasa wurin ya faɗi gefe guda yana wata 'yar ƙara. Yau kwana 9, macen ta zama masifaffiya, tana gurnani tana tona kusurwar keji. Lambar maƙwabciyar ba ta shiga. Maigida ya ce shi ba zai riƙe garken zomaye a gidansa ba. Yaya zan gane ko da gaske an yi musu aikin, ko kuwa ciki ne da ita?
Wata uwa, daga Kaduna.

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Daga yau ki ɗauka zomanyar nan tana da ciki, ki riƙe ta a haka har sai kwana 35 sun cika daga waccan Asabar ɗin. Idan sun cika ba ki ga komai ba, asararki ɗan akwati ne da ƙarin harawa. Idan kuwa kika dogara da maganar maƙwabciya, wata safiya za ki tashi ki tarar da jajayen 'ya'ya warwatse a kan wayar keji, sanyi ya riga ya gama da rabinsu.

Abin da ya sa na faɗi haka yana cikin wasiƙarki, wato faɗuwar nan da farin ya yi. Hawa kaɗai ba ya nuna komai a wurin zomaye. Mace kan hau mace, namiji kan hau namiji, wanda aka fiɗiye ma kan hau, wani lokaci har ta wajen kai, duk don a nuna wa ke da iko da gida. Amma namiji ya hau, ya ƙanƙame, sannan ya kife gefe ko ya faɗi da baya yana ƙara, wannan ita ce alamar da masu kiwo ke tsayawa su jira idan sun kai mace barbara. Da sun gan ta sai su ɗauke macen su rubuta kwanan wata. Duka abin bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba, saboda haka kada ki zargi kanki da rashin sauri. Ko kina tsaye a bakin kejin ba lalle ki riga shi ba.

Kada kuma ki yi wa kanki lissafin akuya. Akuya da tunkiya suna da lokacin da suke neman namiji, in an kuskure shi sai a jira wani zagayen. Zomanya ba ta da wannan tsari. Barbarar ce da kanta ke sa ta saki ƙwai, kamar awa 10 zuwa 12 bayan an hau ta. Shi ya sa haɗuwa ɗaya tak kan wadatar, kuma shi ya sa gidan da aka fara da biyu ba ya daɗewa sai a rasa wurin taka ƙafa.

Yanzu ga maganar "an yi musu aiki". Ban ce maƙwabciyarki ta yi ƙarya ba, amma ni dai ina da shakka. A Ingila da Amurka, inda ake riƙon zomo a ɗaki kamar kyanwa, fiɗiye namiji da cire wa mace mahaifa abu ne da aka saba. A wurinmu mafi yawan masu zomaye don su hayayyafa suke kiwonsu, kuma wanda ya sayar mata ba shi da dalilin kashe kuɗi a kan tiyata. Sau da yawa abin da aka yi allurar ƙazuwa ce ko maganin tsutsar ciki, magana ta bi baki biyu uku ta koma "aiki". Kuma ki tambayi kanki, in da gaske ba sa haihuwa, me ya sa ta raba musu keji? Ni kaina na taɓa sayen "mata biyu" a kasuwa, mai sayarwar har da rantsuwa, bayan wata biyu ɗaya daga cikin matan ya zama uban 'ya'ya bakwai. Tun daga ranar na daina karɓar labari a kan zomo. Gani ya kori ji.

Namijin shi ne mai sauƙin dubawa, da shi za ki fara. Ki zauna a ƙasa a kan tabarma, ki shimfiɗa zani a cinyarki, ki tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun a ƙarƙashin ƙugunsa, ki jingina bayansa da jikinki yadda cikinsa zai fuskanci waje. Kada a ɗaga shi da kunne kamar yadda ake yi a kasuwa, kuma kada a bar ƙafafun baya suna lilo. Ƙashin bayan zomo ba shi da ƙwari, shuri ɗaya mai ƙarfi a iska kan iya karya shi. Ki buɗa gashin da ke tsakanin cinyoyinsa. Baligin namijin da ba a taɓa ba yana da 'ya'yan maraina biyu dogaye, ɗaya a kowane gefe, cikin fata mai launin ja-ja wadda kusan babu gashi a kanta. Ba a bayan gaban suke ba kamar na rago ko bunsuru, suna gefe ne, sun ɗan yi gaba. Sukan sauko tun yana da mako 10 zuwa 12, to naki da ya shafe wata uku a hannunki ya wuce wannan matakin. Idan kin gan su, magana ta ƙare, ba a yi masa komai ba.

Idan ba ki gan su ba, a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Zomo yana da wata baiwa: hanyar da ke tsakanin cikinsa da jakar marainansa a buɗe take har ƙarshen rayuwarsa, in ya tsorata ko ya ji sanyi sai ya janye su ciki, ki duba ki ga wayam. Kuma babu abin da ke tsorata shi kamar a kama shi a birkice. Saboda haka dubawa ɗaya ba ta isa hujja ba. Ki bar shi, ki dawo da rana tsaka lokacin da zafi ya sa ya miƙe ƙafafu yana hutawa, ki leƙa ta baya ba tare da kin taɓa shi ba. A irin wannan lokacin sukan fito fili. Wanda aka fiɗiye da gaske jakar kan zama fanko, ta yamutse, in an daɗe ta lafe gashi ya rufe ta, ko an lallatsa a hankali ba a jin komai a ciki. Ki haɗa da halinsa. Namijin da ke fesa fitsari a bango ko a jikin mutane, fitsarin mai ƙarfin wari, yana zagaya ƙafafunki yana wani ɗan gunaguni, yawanci lafiyayyen namiji ne da komai nasa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata duk mai zomo ya sani, ko da bai shafe ki ba tun da wata uku suna wurinki. Namijin da aka fiɗiye yau zai iya yi wa mace ciki har mako 4 zuwa 6 bayan aikin, saboda sauran maniyyin da ya rage a hanya. Mutane da yawa sun dawo daga asibiti sun haɗa su a ranar, suka zo suna zargin likita da ha'inci.

Ita macen, gaskiya ba za ki iya tabbatarwa a gida ba. Aikinta a cikin ciki ake yi, ta ɗan yanka a tsakiyar mara, kuma fatar zomo kan warke sumul har tabon ya ɓace a cikin gashi. Likita kan aske wurin ya nemi siririn layi, wani lokaci shi ma sai ya haɗa da hoton ciki kafin ya ce ga mahaifa ko babu. Wannan tattarar naman da ke ƙarƙashin haɓar mace ba ta raba gardama, haka ma masifa. Abin da zan ce kawai, idan kika samu namijin da kayansa cif, to ki ɗauka ita ma ba a taɓa ta ba, don da wuya mutum ya biya kuɗin aiki mai wuya ya bar mai sauƙi.

To, ciki fa? Gurnani da tonon da take yi sun dace da mai ciki, amma sun dace da wadda ba ta da shi. Baligar zomanya kan yi hakan don kare wurinta kawai. Girman ciki ma ba ya bayyana sai a makon ƙarshe, wata ma har ta haihu ba a lura ba. In kina da sikelin kicin, ki riƙa auna ta duk Asabar a cikin kwando kina rubutawa, hauhawar nauyin za ta fi idonki faɗin gaskiya.

Abin da ya fi amfani shi ne kalanda. Cikin zomanya kwana 28 zuwa 33 ne, mafi yawa a kwana na 31 suke haihuwa. Tun da ranar Asabar abin ya faru, lissafinki ya zo da sauƙi: Asabar ta biyu kwana 14 ke nan, ta huɗu kwana 28, Talatar da ke bin ta ita ce kwana 31, Asabar ta biyar kuma kwana 35. Ki zana su a kalandar bango yau ɗin nan.

Tsakanin kwana 10 da 14, wato lokacin da kike shiga yanzu, gwani kan iya lalubo 'ya'yan da yatsu ta ƙasan ciki. Ana jin su jere, zagaye-zagaye, kamar 'ya'yan magarya masu ɗan santsi da taushi. Na san za ki so ki gwada, amma ina roƙonki kada ki yi. Hannun da bai saba ba yakan kama kashin da ke cikin hanji ya ɗauka 'ya'ya ne, don shi ma zagayayye ne, sai dai ya fi tauri. Abin da ya fi wannan muni, matsa kaɗan fiye da ƙima kan kashe su a ciki. Ki kai ta wurin likitan dabbobi, ko wani tsohon mai kiwon zomaye da hannunsa ya faɗa. Idan akwai na'urar hoton ciki, ita ce ke yanke hukunci a wannan lokacin, kuma tafiya ɗaya za ta amsa tambayoyinki biyu, a duba miki namijin ma. Ku a Kaduna kun yi dace, Zariya na kusa: akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, a Shika da ke da sashen zomaye. Kafin ki je ko'ina ki tambaya ko likitan ya saba da zomo, don wanda ya ƙware a shanu da kaji ba lalle ya saba da shi ba. Ki ɗauke ta da sassafe cikin kwando mai iska, kada a rufe ta a but ɗin mota.

Wata dabarar da za a ba ki a unguwa ita ce a mayar da ita wurin namijin, in ta ƙi shi to tana da ciki. Kada ki yarda. Mai ciki kan karɓi namiji, marar ciki kan ƙi shi, kuma in da can babu cikin, da hannunki kin samar da shi.

Sai kuma cikin ƙarya, wanda ke yawan faruwa ga zomaye. Tun da hawa ne ke sa ta saki ƙwai, ko fiɗiyayyen namiji ne ya hau ta, ko 'yar'uwarta mace, jikinta kan ɗauka ciki ya shiga. Nonuwa su kumbura, ta riƙa kwasar ciyawa a baki, ta tsige gashin ƙirjinta ta yi sheƙa, ba ɗa ba jika. Wannan kan ƙare a kwana 16 zuwa 18. To ga ma'auni: in ta tsige gashi ta yi sheƙa a tsakiyar mako na uku, akwai yiwuwar na ƙarya ne, mai cikin gaske sai saura kwana ɗaya zuwa uku take yi, wata ma sai a daren haihuwar. Na ce yiwuwa, don akwai masu gaggawar da kan fara shiri da wuri. Ko ta yi hakan, ki cika kwanakinki 35.

Idan aka tabbatar da cikin kuma kun yanke ba ku so, hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce likita ya cire mahaifar tun cikin yana ƙarami. Kowace rana da ta wuce aikin na ƙara haɗari, saboda haka shawara ce ta wannan makon. Kada ki ba ta wani jiƙo, ko ƙwayar tsarin iyali, ko maganin da wani mai kemis ya ce yana zubar da ciki. Hanjin zomo ba ya ɗaukar wasa. Ko amozilin ɗin nan da muke ba yara, in aka ɗura wa zomo ta baki yana iya kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci, gudawa ta tafi da shi cikin 'yan kwanaki.

Ni dai da ni ce, zan bar ta ta haihu wannan karon in tana da ƙoshin lafiya. Haihuwar zomo ba ta cika zuwa da matsala ba. Ki wadata ta da harawar gyaɗa ko ta wake da busasshiyar ciyawa, ki ƙara mata dusa ko abincin zomaye na buhu sannu a hankali daga mako na uku, da ganye irin su na dankali da latas mai duhu. Kada a cika ta da karas da masara har ta yi ƙiba, mai ƙiba ce ta fi shan wuya a ƙarshen ciki. Ruwa kada ya yanke dare da rana. Ki hana yara ɗaukarta. Idan bazara ce, zafi ya fi komai haɗari gare ta, don zomo kan fara galabaita da zarar zafi ya haura digiri 30, mu kuwa namu kan kai 40. A sa kejin a inuwa mai iska, a jiƙa buhu a rataya a gefe, ko a ajiye mata gorar ruwa mai ƙanƙara ta jingina. In ta daina cin abinci yini guda, ko kika ga jini, wannan na likita ne a ranar.

Ba a fafe gora ranar tafiya: a Asabar ta huɗu ki sa mata akwati na katako, wanda za ta iya shiga ta juya, bakinsa ya ɗan yi tudu yadda 'ya'ya ba za su gangaro ba, ki zuba busasshiyar ciyawa mai laushi. In kin sa da wuri za ta mai da shi bayan gida. Yawanci da asuba suke haihuwa, cikin ƙasa da rabin awa an gama, 'ya'ya 4 zuwa 12. Kada kamanninsu ya tsorata ki. Zomon daji, wancan na tatsuniya da karin magana, da gashinsa da idonsa a buɗe ake haifarsa, amma na gida wani jinsi ne daban, tsirara yake zuwa, ido a rufe, sai wajen kwana 10 yake buɗewa.

Abin da ke sa sababbin masu kiwo kuka shi ne ganin uwar ta yi zamanta can nesa kamar ba ita ta haifa ba. Haka halittarta take. Sau ɗaya ko biyu take shayarwa a yini, na kamar minti biyar, galibi cikin dare. Ki wanke hannu ki duba su kowace safiya, taɓawarki ba za ta sa ta ƙi su ba. Wanda cikinsa ya yi tim ya ƙoshi, wanda fatarsa ta yamutse bai samu ba. In kin ga ɗaya a waje ki ɗumama shi a tafin hannu ki mayar, don zomanya ba ta ɗaukar ɗanta da baki kamar kyanwa. Ki toshe duk kafar da ɓera zai bi, ki sa ƙafafun kejin a cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa.

Shi kuwa farin, kada ya kusance ta ko da wasa. Zomanya kan ɗauki wani cikin a ranar da ta haihu. Ki sa wa kowane keji sakata da ɗan kwado, kuma ki bar tazara tsakaninsu, an sha ganin barbara ta cikin ragar waya. 'Ya'yan ma in an yaye su a mako 6 zuwa 8, a raba maza da mata kafin su kai mako 10, don ƙananan iri kan balaga tun suna wata huɗu, kuma zomo bai san uwa ko ƙanwa ba.

In kuna son su zauna tare nan gaba, a fiɗiye namijin a asibiti. Na jaddada asibiti, don wani zai ce a kawo shi a dandaƙe shi ko a ɗaure da roba kamar taure. Waccan buɗaɗɗiyar hanyar da na ambata ita ce matsalar: in ba a ɗinke ta ba hanji kan iya zurarowa ta nan. Aiki ne na allurar barci da ɗinki. Kuma ba a hana zomo abinci kafin tiyata kamar yadda ake yi wa mutum ko kare, shi ba ya amai, barin cikinsa fanko ne ke cutar da shi. Bayan aikin ki ƙirga mako 6 cif kafin ki haɗa su. Macen ma cire mahaifar na da amfani ko ba don haihuwa ba, saboda kansar mahaifa ta yi yawa a zomayen da suka haura shekara 4 ba a yi musu ba. Wannan ki tattauna da likitan bayan ta yaye.

Maigida kuwa yana da gaskiyarsa, amma ki nuna masa kalandar: ko ta haihu, wata biyu kawai za su yi a gidan. Ki fara cigiyar masu so tun yanzu cikin dangi da 'yan makarantar yaran, masu sayen 'ya'yan zomo ma ba su da wuyar samu. Ɗan naki kada a dake shi. Ki miƙa masa biro, shi zai riƙa soke kwanakin ɗaya bayan ɗaya har Asabar ta biyar, kuma shi ne mai duba kwado kullum kafin ya fita ƙwallo.